Masu gyaran kwamfuta, a daina goge wa mutane kaya don Windows ta ƙi hawa

Ya Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu gyaran kwamfuta, abin nan ya fara yawa. Mutum zai kawo laftof a sa masa Windows, ana zuwa wajen zaɓen fatishin, wato ɓangaren faifan ajiya da za a ɗora ta, sai Windows ɗin ta ce ba za ta hau wannan faifan ba don tsarinsa GPT ne ko MBR (hanyoyi biyu na raba faifai, GPT sabo, MBR tsoho), shi kuwa mai gyara ba tambaya ba komai sai ya danna Shift da F10 ya buɗe diskpart, manhajar sarrafa faifai, ya buga clean, umarnin share faifan, shi kenan hotunan mutum da takardunsa sun tafi, wai faifan ne ya samu matsala. Wallahi lafiyarsa ƙalau.

Yawanci laifin yadda aka tada fulashin da ake sa Windows da shi ne. In ta UEFI ya tashi, wato sabon tsarin tada kwamfuta, Windows GPT take so, in ta tsohon BIOS ne sai MBR. To ka koma ka tada shi ta hanyar da ta dace da faifan mana, ko ka sake haɗa shi a Rufus, manhajar ɗora Windows a fulashi, ka zaɓi tsarin daidai. In kuma dole sai an juya tsarin faifan, kamar don Windows 11 da ba ta yarda sai UEFI, ai akwai umarnin mbr2gpt a cikin Windows tun 2017, yana mai da MBR zuwa GPT ba ya goge komai in fatishin bai wuce uku ba, amma a kwafe kayan mutum tukuna, kuma a canza saitin tada kwamfutar zuwa UEFI bayan an gama in ba haka ba ba za ta tashi ba.

Shi MBR ɗin ma ya tsufa fa, fatishin huɗu na asali kawai yake ɗauka kuma ba ya wuce 2TB, shi ya sa wani zai sayi faifan 4TB ya ga kusan rabi ba ya amfanuwa ya ce an cuce shi.

Sai masu kwafo tsohon faifai kacokan zuwa SSD, sabon nau'in faifai mai sauri. A zamanin Windows XP fatishin daga sekta 63 yake farawa (sekta ƙaramin gurbin ajiya ne a faifai), daga Windows Vista aka koma 2048 don ya zauna daidai da sababbin faifai. In ka kwafo na 63 yadda yake, ajiye bayanai a faifan zai riƙa nauyi, mai kwamfutar ya yi ta dawo maka da ita yana ƙorafi.

Naku,
Mai karatu