Su wane ne aka kashe a Satiru?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani gari da yau babu shi.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a makarantun sakandare a Jihar Sakkwato kafin in ajiye alli. Hutun da ya wuce jikokina suka zo mini, babbansu yana gab da gama sakandare. Muna hira bayan sallar isha'i na tambaye su ko sun taɓa jin sunan Satiru. Suka kalli juna. Sun san Gwamna Lugga, sun san 1914, sun san 1960, amma garin da ke kimanin mil 14 kudu maso yamma da birnin da aka haife su, inda aka kashe mutum wajen 2,000 a yaƙi ɗaya, ko sunansa bai taɓa shiga kunnensu ba. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina sau nawa na tsaya gaban allo na ambace shi?

Ga abin da ya faru. Shekara uku bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu suka taru a Satiru ƙarƙashin Malam Isa, ɗan Malam Maikaho wanda ya yi da'awar Mahadi ya kuma mutu a tsare. Tare da shi akwai wani malami makaho, Ɗan Makaho, da ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka bayan an murƙushe wani bore a yankin Dosso. Ba zan ce mutanen Satiru ba su da laifi ba: sun far wa wani ƙauye maƙwabcinsu, an kuma yi asarar rayuka. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 mai riƙon muƙamin Razdan, Hillary, ya tafi da sojan doki don ya kamo shugabannin. Mutanen gari suka fito da fartanya da gatari da kibiya, suka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da sojoji baƙar fata 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni barci. Ranar 10 ga Maris rundunar Manjo Goodwin, soja fiye da 500 da manyan bindigogi, ta isa garin. Aka buɗe wuta kan mai uwa da wabi, mahaya dawaki suka bi waɗanda suka tsere cikin daji. Mata da yara wajen 3,000 aka kora zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu a gidajen manya, a hannun gwamnatin da ta ce ta zo ne don ta hana bauta. Ɗan Makaho aka kashe shi a kasuwa. Garin Satiru aka ƙone shi ƙurmus, aka baje. Har a Landan abin ya tayar da hankali, domin Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mallaka, ya rubuta damuwarsa a kan yadda aka karkashe taron mutanen da kusan ba su da makami. Damuwar ba ta wuce takarda ba. Ba wanda aka tuhuma.

Akwai ɓangaren da muke tsallakewa idan muna ba da wannan labari, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba Turawa kaɗai suka je Satiru ba. Dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na biyu sun mara musu baya, kuma da bakin Sarkin Musulmi aka tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Daga baya Ingila ta ba shi lambar girma saboda biyayyarsa. Ban kawo wannan don in taɓa mutuncin gidan Shehu ba, Allah Ya sani ina girmama gidan nan kamar yadda iyayena suka girmama shi. Na kuma san halin da sarakuna ke ciki a lokacin: sun ga yadda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na farko a Burmi a 1903, kuma 'yan makonni bayan Satiru aka kashe Sarkin Haɗejiya Muhammadu a cikin birninsa. Amma in muka ɗora komai a kan Nasara muka wanke namu, ba za mu gane dalilin da ya sa Bature ya tafi amma bulalarsa ta zauna ba.

Bulalar nan tana da siffa, kuma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ta. Wasu su yi laifi, a yi wa gari duka kuɗin goro. A ƙirga gawar jami'ai da sunayensu, gawar talakawa kuwa a ce "kimanin". Sannan a yi shiru har waɗanda suka gani da idonsu su ƙare. Dubi lissafin da na kawo a sama: Turawa uku na ambace su da suna, mutum 2,000 kuwa ko ɗaya ban iya kira ba in ban da shugabanninsu.

A watan Afrilu na 1980, shekara ashirin da samun 'yancin kai, a ƙarƙashin mulkin farar hula, manoman da madatsar ruwa ta Bakolori ta cinye wa gonaki a yankin Talatar Mafara suka tare hanyoyi suna neman diyyarsu. Aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka harbe mutane, aka ƙone ƙauyuka. Gwamnati ta faɗi ɗan adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ina saurayi a lokacin, kuma na tuna yadda manya ke rage murya idan zancen ya taso. Bayan nan ga Odi a 1999, ga Zaki Biam a 2001, ga Baga a 2013, inda duk sojoji suka kashe fararen hula. A Zariya, Disamba 2015, kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya ce sojoji sun kashe mutum 348, kuma an binne 347 a rami ɗaya a Mando. Na ji masu cewa ai 'yan Shi'a ne, su suka ja wa kansu. Ni ba aƙidarmu ɗaya da su ba, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, aka binne aƙalla mutum 85. Su me suka ja wa kansu?

Ina da ɗalibai da suka shiga soja da ɗan sanda, wasunsu sun rasu a daji suna kare mu daga 'yan bindiga, ina yi musu addu'a kullum. Maganata da tsarin da suka gada ne, tsarin da tun daga dogaran Hausawa da Baturen mulkin mallaka Glover ya tara a Legas aka gina shi don tsare mai mulki daga waɗanda ake mulka. Addininmu ya riga ya yanke hukunci: wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

To mutum ɗaya, marar muƙami, me zai iya? Tsofaffin Kenya sun ba mu amsa. Waɗanda aka azabtar a zamanin boren Mau Mau na adawa da mulkin Turawa suka kai Ingila ƙara a kotun Landan, suna dogara sanda, suka faɗi abin da aka yi wa jikinsu. Shari'ar ce ta tilasta wa gwamnatin Ingila fito da dubban takardun mulkin mallaka da ta ɓoye. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9, diyyar mutum 5,228 haɗe da kuɗin shari'a, ministan harkokin wajenta ya tsaya a majalisa ya bayyana nadama. Abin da ya ci nasara a nan shi ne kowane ɗayansu yana da suna, da ƙauye, da ranar da aka kama shi, da wanda ya zauna ya rubuta.

Wannan aikin ba ya bukatar izinin kowa. Kusan kowane gida yanzu akwai waya mai ɗaukar murya. Waɗanda suka ga Bakolori suna nan da ransu, amma sun manyanta, kuma kowace damina muna rasa wasu. Yaro ya zauna gaban kakansa ya tambaye shi: wa aka kashe, ɗan gidan wa, a wace gona, wa ya yi masa sutura? A rubuta, da boko ko da ajami, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu su je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda takardun Lardin Sakkwato suke, su je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan Sakkwato, su fassara mana abin da suka samu zuwa Hausa, domin manomin da abin ya shafa ba ya karanta mujallar jami'a. Limamai da masu unguwanni, idan irin wannan masifa ta auku, Allah Ya kiyaye, a rubuta sunan kowane mamaci kafin a tashi daga maƙabarta. Da wannan takarda ake zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ita lauya ke tsayawa a kotu, da ita ake neman rahoton bincike a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Malaman makaranta kuwa, 'yan uwana, an cire tarihi daga manhaja shekaru da dama kafin a dawo da shi, kada mu jira sai littafin gwamnati ya ambaci Satiru kafin mu ambata.

Roƙona gare ka biyu ne, Malam Edita. Idan jami'an tsaro suka kashe fararen hula, jaridarka ta daure ta bi sawu ta buga sunayen mamatan, ta kuma koma bayan wata shida ta tambayi inda alkawarin bincike ya kwana. Na biyu, idan watan Maris ya zagayo ka turo wakili Sakkwato. Mata da yaran da aka kora daga Satiru sun hayayyafa, jikokin jikokinsu suna cikin birnin nan da ƙauyukan da ke kewaye, kuma ina da yaƙinin a wasu gidaje akwai tsohuwar da ta ji daga bakin kakarta inda aka ɗauko su. Ni da jikana mun sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, mun fara zagayawa ranakun Asabar. In wakilinka ya zo, zan raka shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta, Sakkwato