Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Ina Haƙƙin Mai Saye Bayan Ya Biya Kuɗinsa?

Zuwa ga Editan Sashen Hausa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan gidan rediyo, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda masu shaguna da yawa a garin nan namu na Kumasi suke juya wa mai saye baya da zarar kuɗinsa ya shiga hannunsu. Ni tela ne, shagona yana Aboabo, kuma na haura shekara 25 ina shiga Adum da Kejetia sayen yadi da zare da kayan keken ɗinki, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona, kuma ya faru a kaina.

A azumin da ya wuce, ranar goma ga wata, motar keken ɗinkina, wato injin lantarkin da ke juya shi, ta ƙone, alhali kayan Sallah na mutane kusan 40 suna jibge a shagona. Duk tela ya san abin da wannan yake nufi. Na bar aiki na nufi wani shago a Adum da ke sayar da kayan kekuna, yaron shagon ya tare ni tun daga bakin ƙofa, ya ba ni kujera, yana ta "Baba sannu da azumi", ya ɗauko mota a cikin kwalinta ya ce sabuwa ce dal, kuma tana da garanti na wata 6. Muka yi ciniki ya sallama a kan sidi 1,400, na tura masa ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu. Da na nemi rasit sai ya ce littafin ya ƙare, amma kada in damu, ai shago ba ya gudu, in wani abu ya faru in dawo kawai. Na yarda da shi, domin mutum mai azumi ne yake magana da mai azumi.

A rana ta uku motar ta fara zafi tana wari, daga nan ta tsaya. Mai gyaran da na kira ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini cewa tsohuwa ce aka sake naɗa mata waya aka yi mata fenti. Na ɗauke ta na koma shagon, na tarar da yaron nan dai, amma wannan karon ko kansa bai ɗaga daga kan wayarsa ba. Da na gama bayani sai ya nuna mini wani allo da ke rataye a bayan kanta, wanda aka rubuta da Turanci cewa kayan da aka sayar ba a dawo da su, ya ƙara da cewa maigida ba ya nan. Sau huɗu ina zuwa, kullum maigida ba ya nan, lambar da aka ba ni kuma ba a ɗauka. A zuwa na biyar na same shi, bai ce in zauna ba, bai duba motar ba, ya ce wutar shagona ce ta ƙona ta, kuma ina rasit ɗin da ke nuna a wurinsa na saya? Na nuna masa saƙon MoMo, ya ce wannan lambar yaronsa ce, ba ta shago ba. A ƙarshe sai da na ci bashi na sayi wata motar a wani wuri, kuma mutum 7 daga cikin masu ɗinkina ba su sa sabon kaya ranar Idi ba. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma abin da ya hana ni barci shi ne a tsayar da ni a gaban yara ana yi mini magana kamar wanda ya zo cuta.

Da na ba da labarin nan a majalisarmu bayan sallar isha'i, sai na ga kusan kowa yana da nasa. Wani ya ce an sayar masa da waya a kan sabuwa, bayan sati batirinta ya kumbura. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce ta daina sayen shinkafa a wurin wata mai awo saboda gindin olonkarta, wato gwangwanin awonta, a lotse yake. Akwai masu riƙe canji su ce babu ƙananan kuɗi, akwai masu duban shigar mutum ko harshensa kafin su faɗi farashi, akwai kuma shagunan da za ka yi sallama sau uku mai jiran shago yana hira bai amsa ba. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, kowa ya san su.

Inda nake so in tsaya shi ne allon nan na "ba a dawo da kaya", domin shi ne garkuwar da ake fakewa a bayanta, kuma mutanenmu da yawa sun ɗauka doka ce. Ghana tana da dokar sayar da kaya tun 1962, wadda ake kira doka ta 137, kuma a cikinta an ɗora wa mai sayarwa sharaɗin cewa kayansa ba su da wani aibin da bai bayyana wa mai saye ba, sai fa aibin da mai saye ya sani, ko wanda ya kamata ya gani a lokacin da ya duba kayan. Ta yaya zan ga wayar da ke cikin mota alhali a rufe take da kusoshi? A addininmu ma maganar a fili take. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki ya san cewa idan mai saye ya gano aibin da aka ɓoye masa, yana da zaɓin ya mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne, wasu daga cikin masu rataye allon nan su ne a sahun gaba a masallaci, kuma sun fi ni sanin wannan hadisi.

Mu mutanen zango bai kamata a koya mana wannan ba, domin da amana kakanninmu suka kafa kasuwanci a ƙasar nan. Fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina su yi watanni a hanya zuwa Salaga don sayen goro, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka watse zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, daga baya Kumasi ta cika da su. A tsarinsu baƙon ɗan kasuwa yana sauka ne a wurin maigida, maigidan ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, in an ba da shanu ko goro bashi kuma shi ne yake tsayawa a kan kuɗin. Babu rasit a lokacin, sunan mutum shi ne jarinsa, wanda ya ci amana sau ɗaya kuwa labarinsa yana riga shi isa kowane zango. Har kalmar gyara da muka zo da ita ta shiga bakin mutanen ƙasar nan, suna cewa jara, wato ɗan ƙarin da mai sayarwa yake yi don mai saye ya tafi da farin ciki ya sake dawowa.

Ban ce masu shaguna ba su da nasu matsalolin ba. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma na san 'yan kasuwar da suka sayar da kaya da safe, da yamma kuɗin bai isa ya sayo irinsu ba. Wanda ya sha wannan wuya yana tsoron duk abin da zai fitar da kuɗi daga aljihunsa. Haka kuma akwai masu saye marasa gaskiya da za su lalata abu da hannunsu su dawo da shi. Sai dai a ganina babban tushen matsalar yana wurin yadda ake riƙe yaran shago. Mafi ƙarancin albashin yini da aka tsayar a 2025 sidi 19.97 ne, kuma yara da yawa a kasuwa ba albashi suke samu ba, sai kuɗin abinci da ɗan abin da suka ɗora a kan farashi. Yaron da aka gaya wa cewa duk kayan da aka dawo da su daga haƙƙinsa za a cire, dole ya ga mai dawo da kaya a matsayin abokin gaba. Maigida ne ya koya masa ya ce "ba ya nan", kuma maigida ne ya kamata a tambaya.

Mu teloli ma muna da laifi a wannan babi, kuma ba zan ɓoye ba. Muna karɓar aikin da ya fi ƙarfinmu gab da Sallah, mu yi alkawarin ranar da muka san ba za mu cika ba, mai kaya ya yi ta sintiri. Wannan ma cin haƙƙin abokin ciniki ne, kuma ya kamata ƙungiyoyinmu su tsawatar a kai.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku ware wa wannan batu shiri na musamman da Hausa, ko da sau ɗaya ne a wata. Ku gayyato lauya ya yi mana bayanin dokar 1962 dalla-dalla, ya faɗa mana matsayin allon nan a gaban kotu, da kuma inda aka kwana a kan dokar kare haƙƙin masu saye da aka shafe shekaru ana maganarta a ƙasar nan. Ku gayyato jami'an hukumar kula da ingancin kaya da ma'auni su gaya wa iyayenmu mata inda za su kai ƙarar mudun da aka tauye. Ku haɗa su da malami guda da shugabannin 'yan kasuwa na Kejetia da Asawase, a buɗe layin waya mutane su faɗi abin da ya same su ba tare da kama sunan kowa ba. Ina kuma kira ga sarakunan zango da limamanmu su farfaɗo da sulhun kasuwa, yadda wanda aka cuta a kan sidi 200 ko 500, wanda ba zai iya ɗaukar lauya ba, zai sami dattijan da za su kira ɓangarorin biyu su saurare su. Ga 'yan'uwana masu saye kuwa, kada kunya ta hana ku neman rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da sharaɗin garanti, kuma ku tabbatar lambar da za ku tura wa kuɗi ta shagon ce.

Motar nan tana nan a ƙarƙashin teburina cikin kwalinta, tare da saƙon kuɗin da na tura. Idan kun shirya shirin kuna bukatar wanda zai ba da shaida, a shirye nake in zo da ita.

Wassalam.

Naku mai sauraro a kullum,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi.