Zuwa ga ɗiyata a Nima: ki raba roba da zafi

Assalamu alaikum ɗiyata,

Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona. Mu nan Aboabo sai godiyar Allah.

Na ji kin ce hutun haihuwarki ya kusa ƙarewa, za ki riƙa tatsar nono ki bari a ba yaro a fida. Dabara ce mai kyau, amma fidar ita ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta miki.

Akwai sinadarin da ake kira BPA. Da shi ake yin wata roba mai tauri, garai-garai kamar gilashi, kuma ana shafe cikin gwangwanayen abinci da shi don kada su yi tsatsa. Illarsa ita ce in ya shiga jiki yana kwaikwayon sinadarin nan na mata, estrojin, sai jiki ya karɓi saƙon da ba nasa ba. Babba yakan fitar da shi ta fitsari ba da jimawa ba. Jariri kuwa hantarsa ba ta yi ƙwari ba, ga shi kullum girma yake. Dalilin ke nan da Tarayyar Turai ta hana sa shi a fidar jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012. A 2023 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta sake dubawa, ta rage adadin da ta ce jiki zai iya jurewa a rana har sau 20,000. Wanda ya rage abu haka, ai ya ga abin tsoro.

Saboda haka don Allah kada araha ta ja ki ga fidar gwanjo, ko a Kantamanto ko a ina, domin ba ki san shekarar da aka yi ta ba. Ki juya gindinta ki duba lambar da ke cikin ɗan zanen nan mai kusurwa uku. In kin ga 7 ko PC, ajiye musu. Mai lamba 5 ta fi, ta gilashi kuma ta fi duka, ko da za ta fi tsada. Wadda ta dushe ko ta kakkarce, ki jefar.

Zafi shi ne ke fito da BPA daga roba. Kada a kwara tafasasshen ruwa a fidar roba a haɗa madara a ciki. A haɗa a kofin tangaran ko na ƙarfe, in ya huce a juye. Haka abincinku, ban da ɗumama shi a mazubin roba. Kokon da kike saya da safe ma, ki tafi da kwanonki. Ledar ba irin waccan robar ba ce, amma tana da nata haɗe-haɗen, kuma raina ba ya kwanciya in na ga an ƙulle koko yana tururi har leda ta yi laushi. Wake da shinkafa kuwa ki ce a sa miki a ganye, dama ya fi ƙamshi.

Tumatirin gwangwani ki rage, sinadarin yana iya sauka cikin abinci daga jikin gwangwanin. Ɗanye ya wadata a kasuwar Nima. Takardar rasit mai santsi ma sau da yawa da shi ake shafe ta, kada ki bar yaro ya kai ta baki, ke ma ki wanke hannu kafin ki ba shi nono.

Ki karanta wa wadda za ta riƙe shi wasiƙar nan, tunda ita za ta riƙa ɗumama nonon in ba kya nan. Mahaifinki yana gaishe ku. Allah ya raya mana shi, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Kumasi