Roƙon Tallafi: A Taimaka Mana Mu Sake Buɗe Ɗakin Zane na Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibai, kwamitin iyaye da malamai ne ke sake ƙwanƙwasa ƙofarku, kuma wallahi da ciwon zuciya muke yi. Ɗakin da yaranmu ke koyon zane, ginin yumɓu da wasan kwaikwayo yanzu a kulle yake. Iska ta yaye gefen kwano, silin ya jiƙa har ya rufto, ruwa ya shiga kabad ya haɗe zanen da yara suka shekara suna tarawa ya zama dunƙule guda. Abin da ruwa ya bari, gara ta ƙarasa. Ranar da aka buɗe kabad ɗin, wata yarinya 'yar aji huɗu ta tsuguna tana ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya tana neman nata, ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya gani sai da idonsa ya cika.

Malamin zane bai fasa zuwa ba. Da alli kaɗai yake koyar da launi, ya rubuta "ja" da "shuɗi" a allo, yara su kwafa a littafi. Don Allah, wannan karatu ne?

Mun san abin da wasunmu ke faɗa, don a taron iyaye an faɗa a gabanmu: wai zane shiririta ce, a kawo lissafi da kimiyya. Ba mu ga laifin kowa ba, kowa so yake ɗansa ya zama wani abu. Amma yaron da aka ba ganye aka ce ya zana, dole ya tsaya ya ƙura masa ido, ya ƙirga jijiyoyinsa, ya gwada tsawo da faɗi, ya goge ya sake. Irin wannan lura da haƙurin ake nema a ɗakin gwaje-gwaje. Likitan nan na Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, tun yana yaro zane yake so, mahaifinsa yana hana shi. Da ya girma, da hannunsa ya riƙa zana ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa yadda ya gan su a madubin likita, ya samu kyautar Nobel a 1906, kuma har yau ana koyarwa da zanen nasa. Haka Ibnu Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, ya ɗora kyawun rubutun Larabci a kan awo: ɗigon alƙalami ake auna tsawon alif da shi, alif kuma ya ba da da'irar da sauran haruffa ke bi. A hannunsa lissafi da zane abu ɗaya ne.

Akwai kuma yaran da ba a jin muryarsu a aji. Malamai sun shaida mana cewa wasu da ake yi wa kallon daƙiƙai, a wasan kwaikwayo suka fara buɗe baki, suka haddace dogon zance, daga nan karatu ya fara shiga. Su ne rufe ɗakin nan ya fi cutarwa, don nan ne kaɗai ake yaba musu. Kuma haƙƙinsu ne: sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ambaci damar yaro ta shiga harkokin fasaha, hukumar UNESCO ma tun 2011 ta ware mako na huɗu na watan Mayu domin ilimin fasaha.

Ba za mu ɓoye muku ba, bara ma mun roƙa. Hannuwa da yawa sun tashi, an rubuta sunaye, an yi tafi. Da aka zo karɓa, kaɗan ne suka cika, wasu ko wayarmu sun daina ɗauka. Ba za mu kira sunan kowa ba, mun san halin da ake ciki, amma alkawari kaya ne, kuma yaran sun ji lokacin da aka yi shi. A gefe guda, wata dattijuwa da ba ta da ko jika a makarantar ta kawo mana fensira a ƙulle cikin leda, ta ce ita ba ta yi karatu ba, a ba masu yi. Wani kafinta ya kwashe kwana biyu yana gyara tebura, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah Ya saka musu da mafificin alheri. In waɗannan sun iya, mu da 'ya'yanmu ke zaune a azuzuwan me za mu ce?

Abin da ake buƙata shi ne kwano, katako, ƙusa da silin, sai kabad mai kyau, takardun zane, fenti, buroshi da yumɓu. Ɗan abin da aka tara bara ya tafi wajen toshe yoyo, bai kai ko'ina ba. Mai kuɗi ya kawo, mai kaya ya kawo, mai sana'ar hannu ya ba mu yini guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa jinkar ce a zahiri ta gagare mu, ga damina tana tafe.

A miƙa gudummawa ga ma'ajin kwamiti a ofishin shugaban makaranta, za a ba da rasit. Wanda yake son ya gani da idonsa ya zo kowace ranar karatu, makulli yana wurin maigadi. Allah Ya sanya abin da za ku bayar cikin sadaka mai gudana, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Kwamitin Iyaye da Malamai