Ba kuɗin Agnelli kaɗai ya gina filin Juventus ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya jama'a ya ƙoƙari.

Ni dai tsohon mai sauraron shirinku na wasanni ne, kuma ɗan Juventus ne ni tun zamanin Del Piero, shi ya sa na kasa haƙuri da na ji wani baƙonku ranar nan yana cewa wai filin Juventus ai gidan Agnelli masu kulob ɗin da kamfanin Fiat ne suka zaro kuɗi daga aljihu suka gina. Gaskiya ba haka abin yake ba, har musu muka yi a gidan kallon ƙwallo kan maganar nan sai da mai gidan ya ce zai kashe janareto.

A Italiya akwai wani banki na gwamnati, Istituto per il Credito Sportivo, an kafa shi tun 1957, babban aikinsa shi ne ba da bashi don gina filayen wasa da gyara su, tun daga ɗan ƙaramin wurin ninƙaya na wani gari har zuwa babban sitadiyam. Ma'aikatar kuɗi ta ƙasar ce ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. To wannan bankin ne ya ranta wa Juventus yuro miliyan 60, sauran kuma suka haɗo daga sayar da haƙƙin sa wa filin suna da kuma fegin da aka gina shaguna a gefe. Suka rushe tsohon filinsu Delle Alpi da aka gina don kofin duniya na 1990, wanda 'yan kallo suka tsana saboda hanyar tseren da ta zagaye shi ta sa ɗan wasa kamar tururuwa kake hango shi, suka buɗe sabon a Satumban 2011, mai cin mutum wajen dubu 41. A kakar ce suka ɗau kofin Serie A, suka yi ta ɗauka har sau 9 a jere. Ban ce filin ne ya ci musu kofi ba fa, kar 'yan Inter su taso ni.

Abin da ya fi burge ni shi ne bashi ne, ba kyauta ba. Kafin a ba ka sai ka nuna daga ina za ka biya, tikiti nawa za ka sayar, wa zai kama hayar shagunan, kuma wanda ya san akwai bashi a wuyansa ba zai bari ciyawa ta bushe ko kujeru su kakkarye ba. Amma kuma kar a ɗauka bankin ya gama magance musu komai, don shekara sama da 60 yana nan kuma har yau yawancin filayen Italiya tsofaffi ne, na hukumomin birane ne, kulob haya kawai yake yi, to wa zai ci bashi ya gyara gidan haya? Sai irin su Atalanta da suka sayi nasu daga hannun birnin Bergamo a 2017 sannan suka gyara shi son ransu. Ga shi Italiya za ta karɓi baƙuncin gasar Turai ta 2032 tare da Turkiyya tana ta faɗi-tashin neman filaye. Af, Andrea Abodi ma da ya zama ministan wasanninsu a 2022, daga shugabancin wannan bankin aka ɗauko shi.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya min a rai, mu nan muna da bankin manoma, da na masana'antu, da na gidaje, amma ƙwallo sai dai a jira gwamna. Kano Pillars ta gwamnati, filin Sani Abacha na gwamnati, in an saki kuɗi a yi fenti in ba a saki ba shikenan. Filin Abuja da aka gina a 2003 sai da Ɗangote ya zo ya gyara ciyawarsa, yanzu kuma yawancin wasannin Super Eagles sai an tafi Uyo. Remo Stars kuwa ta ɗan kasuwa ce, da filinta a Ikenne, ta ɗau kofin gasar Firimiyar Najeriya a 2025.

Na san wani zai ce ai akwai kuɗin ruwa a ciki, kuma gaskiyarsa, ni ma ba zan so Pillars ta ci bashi da ruwa ba. Amma ai tun 2017 gwamnatin tarayya take gina tituna da Sukuk, wato tara kuɗi a tsarin Musulunci ba kuɗin ruwa, me zai hana a gwada shi a fili ɗaya?

Don Allah Malam Edita ku gayyato wani masanin harkar banki tare da wani shugaban kulob ku haɗa su a shiri ɗaya, ku tambaye su ko kuɗin ƙofa na wasan Pillars zai iya biyan bashin ko da fitilun filin ne. Kuma a gyara wancan zancen na Agnelli a shiri mai zuwa, don wanda muka yi musun da shi har yanzu cewa yake ai rediyo ta faɗa.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Fagge, Kano.