Ciniki ya koma waya, amma buhu har yanzu jirgi yake jira

Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan yadda intanet ta kutsa cikin cinikin abinci tsakanin ƙasashe, don wasu gani suke amfaninta bai wuce hira da kallon bidiyo ba.

Da can in za ka fitar da hatsi ko 'ya'yan itace waje sai ka nemi takardar shaidar lafiyar kayan gona, ta hannu, da hatimi da sa hannu, a aika ta daban, in ta makara ko an kuskure harafi ɗaya to shi ke nan kwantena na zaune a tashar jirgin ruwa, kuɗin ajiya na ta hawa, kayan ciki na ruɓewa kai kuma kana ta buga waya ba mai ɗauka. Yanzu akwai tsarin ePhyto a ƙarƙashin FAO (Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya), hukumar ƙasarku ta tura wa ta can shaidar ta kwamfuta tun jirgi bai ɗaga ba. Wannan kam an samu sauƙi, ba musu.

Inda nake da magana shi ne gudun labari. A Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, ƙasar da ita kaɗai ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa a duniya. Kafin gari ya waye dillalai duk sun gani a wayoyinsu, mai kaya a sito ya ja ƙofa ya rufe yana jiran farashi ya tashi, alhali ko buhu ɗaya bai ragu ba tukuna. Manomin da ba shi da netwok fa? Shi ne na ƙarshen ji, ya riga ya sayar a tsohon kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma wallahi dogaro da na'ura ma da nasa ciwon kan. A 2021 'yan kutse suka shiga kwamfutocin JBS, babban kamfanin naman nan na Burazil, mayankansa suka tsaya a Amurka da Ostiraliya, sai da ya biya fansar dala miliyan 11. A Maris na shekarar kuma jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suwez kwana 6, kowa na kallonsa a taswirar waya, masu kaya na ganin inda kwantenarsu take daidai, amma ba wanda ya iya matsar da ita ko taku ɗaya.

Roƙona Edita, ku riƙa ware ɗan gurbi duk mako kuna kawo farashin hatsi na kasuwannin duniya da Hausa, yadda wanda bai iya bin shafukan Turanci ba shi ma zai ji da wuri.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku