Mutum ɗaya ne ya yi magana da yawun Katagum gaba ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke cina tun 2022, kafin a sake kaɗa gangar wani zaɓen fid da gwanin.

Ni tela ne a Azare, kuma na daɗe ina tsaya wa PDP a matsayin ejan a akwatinmu. Daren 28 ga Mayu 2022 a shagona muka raba dare, mu kusan goma, muna bin taron PDP na fid da ɗan takarar shugaban ƙasa a Abuja ta rediyo da waya ɗaya. Da Tambuwal ya tashi ya janye wa Atiku, wasu suka yi kabbara, wasu suka ce an ci amana. Aka ƙirga: Atiku 371, Wike 237, Saraki 70, gwamnanmu Ƙauran Bauchi 20.

Wannan ashirin ɗin ta tsaya mini a rai, domin ƙananan hukumomin jiharmu ashirin ne, kuma daliget ɗaya aka ɗauka daga kowacce. Wato mutum guda ne ya je Abuja da yawun Katagum gaba ɗaya. Mu da muke shan rana a bakin akwati, muna gardama da jami'an zaɓe har dare, babu wanda ya tambaye mu wa muke so.

Tun kafin taron Kwankwaso ya koma NNPP, Obi kuma ya fice ana saura kwanaki kaɗan. Bayan taron Wike da gwamnoni huɗu suka kafe sai Ayu ya sauka daga shugabancin jam'iyya, tunda shi da ɗan takara duk 'yan Arewa ne. Maganarsu tana da kan gado, ko da ba na son salon Wike, amma har aka shiga zaɓe ba a ɗinke ɓarakar ba. Mu mun sauke namu nauyin, Atiku ya ci Bauchi ya ci Gombe. Sai ga Tinubu da ƙuri'a wajen miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Ukun nan na baya a ƙarƙashin lema ɗaya suke a 2019.

Abin da ya fi ƙona mini rai na gida ne. Wani maƙwabcina da muka tashi tare, saboda gardamar daren nan wata uku ba mu gaisa ba, ko sunan ɗansa ban je ba. Sai da limamin unguwa ya zaunar da mu. Har yau ina jin kunyar abin.

Roƙona ga shugabannin jam'iyyu duka, a koma 'yar tinƙe. Na san ita ma ana murɗe ta, amma sayen dubban mutane a layi ya fi wuya a kan sayen ɗaruruwa a ɗakunan otal. Katina na nan a aljihun keken ɗinki. Ranar da aka ce ƙato bayan ƙato a firamaren unguwarmu, zan rufe shago in je in tsaya.

Naka,
Wani tela, Azare, Jihar Bauchi